Uwar adashi da makullai uku

A Hausare ta Garwa, ko Domayo ta Marwa, ko Sabongari ta Ngaundare, idan ka tambayi wanda ke riƙe da unguwa za a nuna maka ƙofar mai unguwa ko ta liman. Haka ne, babu musu. Amma in tambayar ita ce wa ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta tsananta, wa ya san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, a hannun wa kuɗin mata ashirin ke kwana kowane mako, to amsar mace ce. Wani wuri a ce mata uwar adashi, wani wuri shugaba, wani wuri Hajiya kawai, kowa ya san wadda ake nufi. Ba ta da rawani, ba ta da albashi, kuma ranar da abu ya ɓaci sunanta ne ke fara shiga bakin mutane.

Duk ranar 8 ga Maris a Kamaru ana ɗinka atamfar shekara, a fito maci, a miƙa wa wasu mata takardar yabo. Ban ga laifin wannan ba. Farin ciki ne, kuma mata sun cancanci ranarsu. Washegarin ne ke damuna. Matar da aka tafa wa jiya za ta koma tana cike giɓin adashi daga jarin ƙuli-ƙulinta, tana biyan kuɗin mashin daga aljihunta don zuwa ofis a madadin kowa, tana haɗiye maganar da aka yaɓa mata a gidan suna. Karramawar da za ta amfane ta ita ce a tsara aikin yadda nauyin ba zai tsaya a wuyanta ita kaɗai ba. Wannan kuwa magana ce ta lissafi da littafi da kwaɗo.

Mu fara da adashin da kowa ya sani. Mata 20, kowacce na zuba sefa 1,000 a mako, kwasa ɗaya ta zama 20,000, zagaye ya ɗauki mako 20. A baki abin kamar ba shi da wuya. Sai dai ka duba matar da ta kwasa a mako na uku: ta zuba 3,000, ta ɗauki 20,000. Idan ta daina zubi daga nan, ko mijinta ya samu canjin wurin aiki suka tashi, ko aure ya mutu ta koma garinsu, ta bar ramin 17,000. Waɗanda ke jiran kwasarsu a ƙarshen layi ba ruwansu da dalili, uwar adashi suka sani, ita suka ba amana. Sau da yawa ita ce ke cikewa a ɓoye don kada a ji kansu, kuma in hakan ya faru sau biyu a zagaye ɗaya jarinta ya tafi. Mutane su ce Hajiya ta karye, ba wanda ya san adashin unguwa ne ya karya ta.

Maganin wannan yana cikin jerin kwasa. Sabuwar shiga ba ta kwasa a rabin farko na zagaye, komai matsuwarta, sai ta yi zagaye guda an ga zubinta. Duk wadda za ta kwasa da wuri ta kawo wadda za ta tsaya mata daga cikin masu zubin, kuma mai tsayawar ta kasance ba ta riga ta kwasa ba, domin kwasarta ce jinginar. A faɗi wannan a gaban kowa ranar farko, a rubuta. Abin da ya fi yawan jawo rigima shi ne musanyen layi a bayan fage: wata ta je gida ta roƙi uwar adashi, “Don Allah Goggo, bikin ’yata ya matso, ki sa ni gaba,” ita kuma kunya ta hana ta ƙi. Idan doka ta ce ba a musanye sai a zaman taro, da yardar wadda za a tura baya, an cire wa Goggo ƙaya. Za ta iya cewa, “Ba a hannuna yake ba, ’yar nan, ki kawo maganar ranar Laraba,” kuma zumunci bai taɓu ba.

Adashi yana da iyaka. Ba ya haihuwa, kuma ba ya ba ka kuɗi ranar da kake buƙata sai ranar da layi ya zo kanka. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suka koma ga asusun akwati. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurin Hausawa, domin a yankin Maraɗi ta Nijar aka fara shi a 1991, ƙarƙashin ƙungiyar CARE, da sunan Mata Masu Dubara. Daga can ya bazu ƙasashe da dama, a nan kuma ma’aikatan ƙungiyoyi na kiransa AVEC. Matan karkara da yawancinsu ba su yi boko ba su ne suka gwada shi har ya tsaya da ƙafarsa.

Ga yadda yake. Mata 15 zuwa 25, waɗanda suka zaɓi junansu da kansu. Kada wani jami’i ko mai unguwa ya haɗa jerin sunaye, domin wadda ba ki yarda da ita ba ba za ki saki kuɗinki a gabanta ba. Idan an haura 30 zama ya yi tsawo, ana fara tashi kafin a rufe akwati, gara a raba gida biyu. Ana zaɓen mutum biyar: shugaba, marubuciya, mai ajiyar akwati, da masu ƙirga biyu. Akwatin na ƙarfe ne mai wurin kwaɗo uku, maƙeri ko mai walda na kasuwa zai iya ƙera shi. Makullan uku suna hannun wasu mata uku daban waɗanda ba sa cikin biyar ɗin nan, kuma ba gida ɗaya suke ba. Mai ajiyar akwati ba ta da makulli ko ɗaya. Mutane kan ɗauka an yi haka ne don ana zarginta. A’a, kāriya ce gare ta. Ranar da maigida ko ɗanta ya shigo da dare ya ce a ranta masa 10,000 zai mayar kafin Laraba, ba sai ta yi gardama ba, akwatin ba ya buɗuwa.

Zaman kansa yana da tsari, kuma tsarin ne ke riƙe amanar. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan la’asar, kowacce ta zauna a wurin da ta saba bisa lambarta. Mai ajiya ta ajiye akwati a tsakiya. Kafin a taɓa kwaɗo, shugaba ta tambaya: “Jama’a, nawa muka bari a asusun gudummawa makon jiya? Nawa a babban asusu?” Mata su faɗa da ka. Sannan masu makulli su matso ɗaya bayan ɗaya su buɗe. Masu ƙirga su zazzage kuɗin a faranti, su ƙirga da ƙarfi, takarda a gefe, silalla a gefe, har adadin ya yi daidai da abin da aka faɗa. Daga nan a karɓi gudummawa, a karɓi tarar makara a wani ƙaramin kwano, sannan a shiga zubi. Ana kiran mace da lambarta, ta miƙa kuɗi ga masu ƙirga, su faɗi adadin kowa ya ji, marubuciya ta buga hatimi a ɗan littafinta, hatimi ɗaya a kan kowane kaso, ta ja layi a gurbin da ya rage don kada a ƙara daga baya. A ƙarshe a sake ƙirga komai, a faɗa sau biyu, a mayar da littattafan cikin akwatin, a rufe. Zaman da ya tafi daidai ba ya wuce awa ɗaya da rabi, an tashi kafin magariba.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da mu masu kashe sefa. Iyayenmu mata da dala suke lissafi, marubuciya kuma, musamman in ’yar makaranta ce, da faran take rubutawa. Dala ɗaya faran 5 ce. Idan Inna ta ce ta zuba ɗari, dala ɗari take nufi, wato faran 500. Yarinya ta rubuta 100, bayan wata shida a zo ana rantse-rantse, alhali ba wanda ya ci ko sisi. Tun ranar farko a yanke da wanne za a rubuta, a sa shi a shafin farko, kuma masu ƙirga su riƙa faɗin duka biyun: “Dala ɗari biyu, jika ɗaya, faran dubu.” Hatimi ya fi lamba aminci saboda wannan dalili, domin wadda ba ta karatu ma tana iya ƙirga hatiminta. Kuma in wadda ta fi kowa natsuwa a ƙungiyar da ajami take rubutu, a bar ta ta rubuta da ajami. Ya fi a ɗauko wani namiji daga waje ya riƙe littafi, don duk wanda littafi ke hannunsa, sannu a hankali ƙungiyar ma hannunsa take komawa.

A ce kaso ɗaya sefa 500 ne, kowacce na iya sayen kaso ɗaya zuwa biyar a mako. Iyakar biyar ɗin tana da hikima: tana hana mai hali ta mamaye asusun har muryarta ta danne ta saura. A sa farashin kaso daidai ƙarfin wadda ta fi kowa rauni, yadda ko a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, za ta iya kawo ɗaya. Gudummawa kuwa daidai take ga kowa, a ce sefa 100 a mako. Mata 25 sun tara 2,500 ke nan kowane zama, a mako 48 ya kama 120,000. Wannan ba bashi ba ne kuma ba a raba shi. Na rashin lafiya ne, da rasuwa, da gobara, da haihuwar da ta zo da tiyata. A rubuta adadin da ake bayarwa a kan kowane abu tun kafin ya faru, don kada a ce an fifita wata. Jakarsa daban a cikin akwatin. Ƙungiyar da ta fara ranto kuɗin gudummawa tana ba da bashin sana’a, ranar da aka kwantar da ɗan wata a asibiti za ta buɗe jaka ta tarar da iska.

Bashi ba ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, ba ya wuce wata uku, kuma a gaban kowa ake nema, a faɗi abin da za a yi da shi. A nan ne ake yawan samun bashin da ba na mai neman ba ne. Mace ta karɓa da sunanta ta miƙa wa miji ko ƙane, shi kuwa bai zauna a tabarmar ba, bai ji kunyar kowa ba. Idan wa’adi ya cika ita ce za ta daina zuwa taro. Shugaba mai basira takan tambaya a hankali, “Yaya, gyaɗar nan ke za ki soya ko wani za a ba?” Tambayar ba cin fuska ba ce idan kowa ake yi wa ita.

Sai maganar da ba a tsallakewa a unguwanninmu, wato kuɗin ruwa. A tsarin da ma’aikatan ƙungiyoyi ke koyarwa akan ɗora wani ƙari a kan bashi kowane wata, daga nan asusu ke girma. Mata Musulmi da yawa ba su yarda da wannan ba, kuma suna da hujjarsu. Kada a matsa musu, kada kuma a sauya wa abin suna a yi kamar an warware. Akwai hanyoyi na gaskiya. Bashin kuɗi a mayar da shi yadda aka karɓa, ribar asusu ta fito daga ciniki. Ƙungiya ta sayi buhun gyaɗa da kanta, a ce a kan 30,000, ya shigo hannunta, sannan ta sayar wa ’yar ƙungiya a kan 33,000 ta biya cikin wata uku. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta mallaki kayan kafin ta sayar, kuma farashin ba ya ƙaruwa idan biya ya yi jinkiri. Ko a sayi kujeru da manyan tukwane da rumfa ana bayarwa haya a biki da suna. Kafin a fara, a je da tsarin gaban malamin da matan suka yarda da shi, shugaba da marubuciya da wata ta uku, a dawo a faɗa wa kowa abin da ya ce. Idan ba a yi haka ba, ranar da wata ta tashi ɓata ƙungiyar da wannan ƙofar za ta shigo, kuma shugaba za a ce ta ciyar da mutane haram.

Ajiyar hatsi ita ce cinikin da ƙungiyoyi suka fi so: a sayi wake ko masara ko dawa da kaka, a sayar idan damina ta yi nisa. A yankin Marwa akwai kaka ta biyu ma, ta masakwa, wajen watan Fabrairu. Riba tana nan, amma wake ba ya yafe sakaci. Ƙwaro na iya mayar da buhu gari cikin ’yan watanni. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, asalinsa binciken da aka yi ne a cibiyar binciken noma ta IRAD da ke Marwa tare da jami’ar Purdue ta Amurka, kuma yana aiki ba tare da an zuba magani ba, domin iska yake hana ƙwaron. Sai dai sai an bi ƙa’ida. Wake ya bushe sarai, in ka ciza ya ce ƙaras. A sheƙe shi a fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa masu huda leda. A duba kowace leda a tabbatar ba ta da ƙofa ko ta allura. A matse iskar, a murɗe bakin leda ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. A ɗora a kan katako, kada ya jingina da bango, a yi maganin ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Ɗakin ajiyar ma kwaɗo biyu, makulli a hannu biyu. Shawarata kada a zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na asusu a hatsi, saboda akwai shekarar da farashi ba ya tashi yadda aka zata, kuma mata na buƙatar a bar abin da za su ranta.

Zagaye na ɗaukar wata tara zuwa shekara, sannan a fasa. A zaɓi lokacin fashin da hankali: kafin komawar yara makaranta a watan Satumba, ko gab da azumi, ko kafin saukar damina ga masu noma. Wata biyu kafin ranar a daina ba da sabon bashi. Lissafin rabon ba shi da wuya in an bi shi a fili. A ƙirga duk hatiman da ke littattafai, a ce sun kai 3,000, wato an zuba 1,500,000. A ƙirga kuɗin da ke ƙasa bayan an karɓo duk bashi an sayar da hatsi, a ce 1,800,000. A raba kuɗin da yawan hatimi, kowane kaso ya zama 600. Mai hatimi 150 ta zuba 75,000, za ta ɗauki 90,000. Wadda ba ta gama biyan bashi ba a soke hatiminta daidai abin da ake bin ta kafin a yi rabon. Makonnin ƙarshen nan su ne masu haɗari, domin akwati ya yi nauyi kuma unguwa ta sani. Kada a sanar da ranar fashi a waje. Wasu kan ajiye wani ɓangare a Orange Money ko MTN MoMo, wanda ba laifi, muddin layin na ƙungiya ne, wayar na kwana cikin akwati, lambar sirrin kuma ba a kan mutum ɗaya take ba, kuma an lissafa kuɗin cirewa tun farko. Waɗanda ke bakin kogin Logon, irin su Yagwa da Kuseri, sun ga abin da ambaliya ke yi, kamar ta 2024. Littafi a cikin leda, a kuma ɗauki hoton shafin ƙarshe da waya bayan kowane zama.

Idan ƙungiya ta yi ƙarfi har tana son buɗe asusu a banki ko neman tallafi, sai takarda. A nan shugabanni da yawa ke shan wahalar da ba ta zama dole ba saboda an nuna musu ƙofar da ba ita ba. Dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990 ta ce a kai sanarwa ofishin firefe tare da kundin dokokin ƙungiya da sunayen shugabanni, kuma idan wata biyu suka wuce ba a ce komai ba, ƙungiya ta tabbata. Amma irin wannan rajista ta ƙungiyar da ba ta raba riba ce. Masu sana’a tare, masu man gyaɗa ko albasa ko busasshen kifin Lagdo da Maga, abin da ya fi dacewa da su shi ne rajistar GIC, wato ƙungiyar masu sana’a tare, ta dokar 1992, ko ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa ta tsarin OHADA na 2010, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, wadda mutum biyar ke iya kafawa, kuma rajistarsu a ɓangaren ma’aikatar noma take. Cibiyoyin mata da iyali na gwamnati da ke garuruwa da dama suna iya nuna hanya. Abin da ke tsayar da tafiya galibi katin ɗan ƙasa ne. Sai a tarar macen da kowa ya yarda da ita ba ta da kati saboda ba ta da takardar haihuwa, sai a sa sunan wata a matsayin shugaba a takarda, daga baya mai suna a takarda ta zama ita ce mai sa hannu a banki. In ana son a girmama Hajiya da gaske, a fitar da kuɗi daga asusu a raka ta kotu ta samu hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, ta yi katinta, sunanta ya hau inda aikinta yake.

Jagorancin mata a yankinmu ba jiya ya fara ba. Nana Asma’u ’yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ’Yan Taru, tana naɗa jajis, dattawan mata da take ɗora wa malfa, su tafi ƙauyuka suna karantar da ’yan uwansu. Abin lura a wurinta shi ne ba ta tsaya a kan iliminta ita kaɗai ba, ta yi tsari, ta ba wasu alama da izini, shi ya sa aikin ya rayu bayanta. A zamaninmu arewacin Kamaru ya fitar da matan da duniya ta san sunansu. Yaou Aïssatou ta zama ministar harkokin mata a 1984. Aïssa Doumara na cikin waɗanda suka kafa reshen ƙungiyar ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata a Marwa a 1996, kuma ita ce ta fara karɓar lambar Simone Veil a Faransa ranar 8 ga Maris 2019. Marthe Wandou ’yar Kaele ta kafa ƙungiyar ALDEPA mai kare haƙƙin yara mata a 1998, ta samu lambar Right Livelihood a 2021. A Cadi akwai lauya Jacqueline Moudeina da ta tsaya wa waɗanda aka zalunta zamanin Hissène Habré har aka yanke masa hukunci a Dakar a 2016. Ina alfahari da su ƙwarai. Amma aikin irin su Aïssa da Marthe ba ya isa cikin gida sai ta hannun matar unguwa. Dokar hukunta laifuka ta 2016 ta haramta aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, mace ko namiji. Takarda ce a Yawunde. Wadda ke fara jin an sa ranar yarinya ’yar aji shida ita ce malamar islamiyya ko ungozoma ko uwar adashi, kuma ita ce ta san ta wace ƙofa za a shiga a yi wa uban magana ba tare da an kunyata shi ba. In an bar ta ta karye a kan giɓin 17,000, wannan muryar ma an rasa ta.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata a rubuta a dokar ƙungiya game da shugaba kanta. Kuɗin mashin da katin waya na aikin ƙungiya daga asusu suke fita, a kawo lissafi a zama. Ba a kai mata ƙarar kuɗi gida. Ba ta cike giɓin kowa, asara in ta zo ta kowa ce. Idan ɗan siyasa ya zo da buhunan shinkafa lokacin zaɓe, ba a gidanta ake saukewa ba, a gaban taro ake karɓa ko a ƙi, domin rabon irin wannan kaya ya rusa ƙungiyoyin da bashi bai rusa ba. Maza kuma suna da nasu. Kwamitin famfon unguwa, da na iyayen yara a makaranta, da zaman da jauro ko lawan ke kira, a ba mata kujera mai magana, kuma a sa taron da hantsi ko bayan la’asar. Taron da aka sa bayan isha’i an riga an cire mata daga ciki ko da sunansu na takarda. Ruwan famfon nan su ke ɗiba, su suka san ranar da ya fara tsiyaya, ya dace kuɗin gyaransa ya bi ta hannun da ya saba da makulli uku.

In kuma an shirya walimar girmamawa, a duba wa ke bakin murhu. Sau tari wadda za a karrama ita ce ta tashi tun asuba tana tuƙa tuwon taron, ta zo wurin zama idonta ja da hayaƙi. A raba girkin ga wasu, a zaunar da ita. A maimakon kalmomin yabo na gama-gari, marubuciya ta tashi ta karanta abin da aka yi a ƙarƙashinta: zagaye nawa aka fasa lafiya, mata nawa suka ja jari, yara nawa aka yi wa takardar haihuwa, sau nawa aka buɗe jakar gudummawa. A rubuta sunanta da shekarun da ta yi a shafin farko na babban littafi, ƙarƙashin sunayen waɗanda suka riga ta.

Zaɓe kuwa kowane zagaye ake yi, ko da ita za a sake zaɓa, kuma a ɓoye: kowace ’yar takara da kwanonta a bayan labule, mace ta shiga ita kaɗai ta jefa tsakuwa ɗaya. Ɗaga hannu a gaban Hajiya ba zaɓe ba ne, ba wadda za ta iya kallon idonta ta ƙi ta. Tun tana da ƙarfi a sa mata mataimakiya mai ƙarancin shekaru, ta riƙa jan zama sau ɗaya a wata tana gefe tana gyara mata. Ranar miƙa ragama a yi ta ranar fashi, bayan kowa ta karɓi rabonta, akwati ba komai sai kuɗin gudummawa. A ƙirga shi a faɗa, tsohuwar shugaba da sabuwa su sa hannu ko su dangwala a shafi ɗaya, a sayo sababbin kwaɗuna uku, a miƙa makullan ga mata ukun da aka zaɓa, sannan a sa ranar zubin farko.